Kundin Digiri na Biyu a Dokar Aikin Notari: Tambayoyinku da Amsoshinsu

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka shigo filin nan a wannan karon yawancinsu na ɗalibai ne masu digiri na biyu a dokar aikin notari, wato jami'in nan da doka ta ba ikon tsara takardun yarjejeniya da wasiyya da cinikin kadara, ko ya shaida sa hannu a kansu. Na ɗauko waɗanda nake ganin amsarsu za ta amfani saura.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni ɗalibi ne ina mastas a dokar aikin notari, mun gama kwasa-kwasai saura kundi, to matsalar ita ce sau biyu ina kai take sufabaiza na yana dawo mun da shi, na farko na ce zan rubuta kan ayyukan notari da muhimmancinsu ya ce wannan ba bincike ba ne, na biyu na kai kan rikicin rabon gado ya ce to ina notari a ciki, gaskiya Malam kaina ya kulle, don Allah mene ne ainihin sharuɗɗan da ake nema a kundin nan?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ranka ya ɓaci da malaminka, duka biyun yana da gaskiya, kuma a cikin dalilan nan nasa guda biyu ya riga ya faɗa maka manyan sharuɗɗan. Dole kundinka ya tsaya a kan wata matsala ta doka wadda ba a gama warware ta ba, kuma dole matsalar ta taɓa notari kansa ko takardar da yake fitarwa. In babu matsala to bayani kawai ka yi, bayani kuwa kowa zai iya buɗe littafi ya karanta, in kuma matsalar tana nan amma notari ba ya ciki to ka rubuta kundin wani sashen daban.

Amma kafin ka je ga take, ka fara sanin wane irin notari kake magana a kai, don nan ne ɗalibai da yawa ke zamewa tun daga babi na ɗaya. Iri biyu ne a duniya kuma ba su yi kama ba ko kaɗan. Akwai na ƙasashen da ke bin tsarin rubutacciyar doka irin ta Faransa, kamar ita Faransar da Jamus da Italiya da Sifen da Indonesiya da yawancin Kudancin Amurka da ƙasashen Afirka rainon Faransa. A can notari masanin doka ne da gwamnati ta naɗa, shi ke tsara takardar da kansa, ya karanta wa mutanen, ya tabbatar sun gane abin da za su sa wa hannu, ba ya ɓangaren kowa, ba lauyan mai saye ba ne ba na mai sayarwa ba ne, sannan ya ajiye asalin takardar a wajensa ya ba su kwafi. A Faransa shekara 75 yake riƙe da asalin kafin a miƙa wa ma'adanar tarihi ta gwamnati. Takardar da ya fitar kuma cikakkiyar hujja ce a kotu, ba a rushe ta da musu kawai, har ma a kan iya zartar da bashin da ke cikinta ba sai an jira hukuncin alƙali ba. Tushen tsarin nasu na zamani dokar Faransa ce ta shekarar 1803, kuma suna da ƙungiya ta duniya da aka kafa a Buenos Aires a 1948 mai ƙasashe kusan 90.

Ɗaya irin kuma shi ne na ƙasashen da suka gaji dokar Ingila. A nan aikin ya fi karkata ga shaida sa hannu da rantsar da mutane da tabbatar da takardun da za a kai ƙasar waje. A Amurka ma ba sai mutum ya zama lauya ba zai zama notari, a Ingila kuwa har yau ofishin da ke ƙarƙashin babban limamin cocin Canterbury ne ke naɗa su, abin da ya faro tun 1533. To ka ga in ka ɗauko ra'i, wato tiyori, na ƙarfin takarda irin na Faransa ka ɗora shi kan notarin da aikinsa buga hatimi ne kawai, ai tun kafin a buɗe babi na biyu mai jarrabawa ya gano ba ka san inda ka dosa ba.

Yanzu matsalar doka. Masu bincike a kan nassin doka sukan neme ta ne a wurare uku. Ko dai doka ta yi shiru a kan wani abu da mutane suka riga suka fara yi, ko dokoki biyu sun yi karo da juna, ko kuma lafazin dokar ya yi duhu har alƙalai na yi masa fassara daban daban. Bari in ba ka misali na zahiri don ka ga yadda take yake fitowa. Dokar aikin notari ta Indonesiya mai lamba 30 ta 2004, wadda aka yi wa gyara da doka mai lamba 2 ta 2014, a bayanin sashe na 15 ta ambaci cewa notari na iya shaida mu'amalar da aka yi ta intanet, amma sashe na 16 na wannan dokar ɗin dai ya ce sai ya karanta takardar a gaban masu ita da shaidu biyu a sa hannu nan take. To in mutum yana wani gari ya bayyana ta bidiyo, ya zo gaban notari ko bai zo ba? In bai zo ba, takardar ta faɗo daga matsayin cikakkiyar hujja ta koma ta sa hannun mutane kawai? Wa zai ɗauki asarar in haka ta faru? Wannan ita ce tambayar kundi, tana da nassi, tana da karo, kuma amsarta za ta canza wa mutane wani abu. Sai ka duba yadda wasu suka fita daga irin wannan, Faransa ta yarda da bayyana daga nesa na wucin gadi a 2020 lokacin korona sannan ta bar shi ya ɗore a kan takardar wakilci, jihar Virginia ta Amurka ta fara tun 2012, Najeriya kuma ta shigar da shi cikin sabuwar dokar notari ta 2023.

Shi ma takenka na gado bai mutu ba fa, juya shi za ka yi. Maimakon rikicin rabon gado, ka tambayi mene ne alhakin notarin da ya tsara takardar magada alhali an ɓoye masa wani magaji, shin aikinsa ya tsaya ga rubuta abin da aka faɗa masa ne ko doka ta ɗora masa ya bincika, kuma in magajin da aka bari ya kai ƙara wa za a kama. Ka ga gadon yana nan amma yanzu notari ne a tsakiya.

In take ya zauna sai takardar shimfiɗar bincike, wadda ɗalibai ke ce wa furofozal. A ciki ake son ganin dalilin bincike, da tambayoyin bincike, ni shawarata kar su wuce biyu ko uku don kowace tambaya babi guda za ta ci, da manufa, da farfajiyar bincike, da ra'in da za ka ɗora aikin a kai, da hanyar gudanar da bincike, da bitar ayyukan da suka gabata. Wannan bitar ita ce mutane ke yi wa riƙon sakainar kashi, su jero sunayen kundaye wane ya ce wane ya ce su wuce, alhali abin da ake so shi ne ka nuna ga inda waɗanda suka riga ka suka tsaya ga kuma inda kai za ka ɗora. Ra'i kuma ka ɗauki wanda za ka yi aiki da shi da gaske, misali ra'in tabbacin doka ko na alhaki ko na iko, ba ka tara guda biyar a babi na biyu sannan ba a sake jin ɗuriyarsu ba har ƙarshen kundi. Babin ƙarshe ya amsa tambayoyin babin farko ɗaya bayan ɗaya, shawarwarinka kuma su fito fili, wane sashe za a gyara, da wane lafazi, wa zai gyara. Cewa gwamnati ta ƙara ƙoƙari ba shawara ba ce a kundin doka.

TAMBAYA: Salam Malam, ni mace ce ina rubuta nawa kundin kan kurakuran da ake samu a takardun cinikin fili, na so in je ofisoshin notari in ga takardun da idona in yi hira da su, amma wani ofishi da na je da takardar gabatarwa daga makaranta ma ko shafi ɗaya ba su bari na gani ba, abin ya min ciwo sosai don ni ba sata na je yi ba, yanzu ya zan yi da babi na huɗu?

AMSA: 'Yar'uwa na fahimci zafin da kika ji, amma ki yi haƙuri, wanda ya hana ki ɗin aikinsa ya yi. Rufin asiri wajibi ne a kan notari, cikin rantsuwar kama aikinsa yake, kuma takardun nan sirrin mutane ne, dukiyarsu da wasiyyarsu da bashinsu, ba nasa ba ne balle ya bayar don an zo da takardar makaranta. A Indonesiya ko mai bincike na 'yan sanda ko alƙali ne ke son kwafin asalin takarda ko ya kira notari ya yi bayani, sai ya nemi amincewar majalisar kare martabar notari tukuna, to ina ga ɗaliba. Ni da za ki saurare ni ma wannan abin da ya same ki sai ki sa shi cikin iyakokin bincikenki, don ya nuna kin san fannin.

Mafita tana nan kuma ta fi wadda kika nufa da farko. Ki koma kan hukunce-hukuncen kotu. Duk takardar da kuskurenta ya yi girma kotu take ƙarewa, kuma a cikin hukuncin za ki ga abin da takardar ta ƙunsa da inda aka yi kuskuren da hujjar kowane ɓangare da dalilin alƙali, duk a bayyane ba ki keta sirrin kowa ba. Ki tattara waɗanda suka shafi abu ɗaya ki jera su, in kika samu kotuna biyu sun yi hukunci mabambanta a kan irin kuskure ɗaya to kin samu zuciyar babi na huɗu.

Hira kuma ba a hana ki ba, ki tambaye su yadda suke aiki ba wai labarin wane da wane ba. Ya kuke tabbatar da cewa wanda ya zo shi ne mai filin, me kuke yi in ɗaya daga cikinsu bai iya karatu ba ko ba ya jin harshen da aka rubuta takardar, irin waɗannan za su amsa miki. Ki nemi izininsu a rubuce, ki ɓoye sunayensu in sun buƙata, in jami'arku na da kwamitin ɗa'ar bincike ki bi ta wajensa kafin ki fita. Abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai, ki tsayar da magana ɗaya a babin hanyar bincike, na nassin doka kike yi hira tana taimaka masa, ko na fili kike yi wanda sai kin faɗi mutum nawa kika zaɓa da dalilin zaɓensu. Hira da mutum uku ba ta isa ki ce haka notari suke yi a ƙasa baki ɗaya ba.

TAMBAYA: Malam Allah ya saka da alheri, shin zan iya haɗa kundina da shari'ar Musulunci, wani abokina ya ce wai aikin notari na Turawa ne ba ruwansa da fiƙihu?

AMSA: Abokin naka bai bincika ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, ta ce marubuci ya rubuta a tsakaninku da adalci, kada ya ƙi rubutawa, wanda bashin ke kansa shi zai yi shifta, in ba zai iya ba waliyyinsa ya yi, a kafa shaidu, kuma kada a cutar da marubuci ko shaida. Duba da kyau ka gani, rashin ɗaukar ɓangare da wajibcin yi wa mutane aiki da wakilcin wanda ba ya iya tsaya wa kansa, duk batutuwan da dokokin notari na yau ke fama da su ne. Malaman fiƙihu sun gina fanni guda a kan wannan, ilimin wasiƙu da sharuɗɗa, wato ilimin tsara takardun yarjejeniya, Imam Ɗahawi na Masar ya yi rubutu a kai a ɓangaren Hanafiyya, Malikawan Andalus da Magrib kuwa sun yi nisa sosai a ciki, irin su Ibnul Aɗɗar na Ƙurɗuba da Wansharisi. Har yau a Maroko akwai adulai masu rubuta takardun aure da gado, suna aiki gefe da gefe da notari irin na Faransa, kowa da dokarsa.

Don haka fili a buɗe yake, sai dai kwatance yana da sharaɗi. Kar ka yi babi ɗaya na fiƙihu babi ɗaya na dokar zamani ka tsaya, sai ka samu tambaya ɗaya da za ka yi wa duka biyun. Misali a fiƙihun da aka gada shaidar baki ita ce gaba, rubutu mai taimaka mata ne, a tsarin notari irin na Faransa kuwa takardar ce gaba, to in shaidu suka saɓa wa takarda wanne za a ɗauka? Kuma ka koma asalin littattafan da Larabcinsu, in Larabcinka bai kai ba ka nemi malami na biyu da zai duba maka wannan ɓangaren, kar ka dogara da abin da wani ya ce wani ya ce.

TAMBAYA: Don Allah shafi nawa ake so, kuma kashi nawa na kwafe ake yarda da shi, kuma dole ne sai na buga maƙala a mujalla kafin in kare?

AMSA: Waɗannan ukun duk jami'arka ce ke yanke su, suna cikin littafin ƙa'idojin makarantar gaba da digiri, ka karɓi bugun bana da hannunka kar ka yi aiki da na wanda ya gama shekaru uku da suka wuce, don suna canzawa. Indonesiya ma a 2012 ta wajabta wa masu digiri na biyu buga maƙala, a 2023 sabuwar ƙa'ida ta sassauta ta bar wa jami'o'i su yanke. In taku tana nema ka tura da wuri don mujallun kirki suna ɗaukar watanni, ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ka guji waɗanda ke cewa biya yau a buga gobe.

Maganar kwafe kuwa, manhajar da ke auna kamanceceniya irin su Turnitin lamba kawai take bayarwa, kundin doka dole ya ɗauko nassin sashe kalma da kalma kuma wannan ba sata ba ce in ka nuna inda ka ɗauko. Satar ita ce ka ɗauki tunanin wani ka sauya masa kalmomi ka yi shiru da sunansa, ko lambar ta yi ƙasa laifin yana nan. Sannan masu sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta nemo musu shari'o'i, wallahi ku yi hattara, takan ƙago sunan shari'a da lambar sashe da babu su, duk abin da za ka sa a manazarta ka buɗe shi ka karanta da idonka.

TAMBAYA: Malam ranar kare kundi ta kusa kuma gabana sai faɗuwa yake, me suka fi tambaya, sannan in na gama shi kenan na zama notari?

AMSA: Allah ya ba da sa'a ɗan'uwa. Abin da ba ya wuce su shi ne, mene ne matsalar a jimla ɗaya, me ka ƙara a kan na baya, me ya sa ka zaɓi wannan hanyar, sannan su buɗe shafin shawarwari su ce in an bi wannan wa zai cutu. Ka shirya wa wannan ta ƙarshen sosai, don kowane sauƙi da ka nema wa notari akwai wanda zai rasa wata kariya, kowane nauyi da ka ƙara masa kuma akwai wanda aikinsa zai yi tsada ko ya yi jinkiri. Kwana kaɗan kafin ranar ka sake duba ko an gyara wata doka da ka dogara da ita, musamman in ka taɓa takardun da ke tsallaka iyaka, don yarjejeniyar Hague ta 1961 da ta sauƙaƙa tabbatar da takardu tsakanin ƙasashe har yanzu shiga ake yi, ta fara aiki a Indonesiya a 2022, a Sin a 2023, a Kanada a 2024, kundin da aka fara kafin nan zai iya faɗin abin da ya riga ya wuce. In an yi maka tambayar da ta fita farfajiyar bincikenka ka faɗi haka cikin ladabi ka nuna shafin da ka shata iyakar, ya fi ka tsaya kame-kame. Gyaran da suka ba ka kuma ka rubuta shi nan take, sai sun sa hannu a kan gyararren kwafi ake karɓar kundi.

Zama notari kuwa wata ƙofa ce daban, digiri ba ya naɗa mutum. A Indonesiya bayan digirin doka da wannan digiri na biyun, sai ka kai shekara 27 ka kuma yi wata 24 a jere kana koyon aiki a ofishin notari, sannan minista ya naɗa ka ka yi rantsuwa. A Faransa ministan shari'a ke naɗawa bayan karatun ƙwarewa da zaman koyon aiki. A Najeriya Alƙalin Alƙalan ƙasa ne ke naɗawa daga cikin lauyoyin da suka daɗe suna aiki, digiri na biyu ba ya cikin abin da ke ba da muƙamin. Ka nemi dokar ƙasar da kake son yin aikin ka karanta sashen sharuɗɗan naɗi tun yanzu, in akwai koyon aiki a ciki ka fara neman ofishin da zai karɓe ka kafin sakamako ya fito.